Mami Pepe Ba Ta da Ƙafa

Shekara ashirin da ɗoriya ina zana Mami Pepe a bayan jarida, ban taɓa yi mata ƙafa ba. Ba mantuwa ba ce. Filin da edita ya yanka mini a shafin ƙarshe siriri ne, a kwance, gida huɗu a jere. Ka sa mace mai gasa kifi, ka sa teburinta, ka sa hayaƙi, ka sa wanda take zagi, to ina ƙafa za ta shiga? Daga ƙugu zuwa sama ta ishi mutanen Duwala. Mafici a hannun dama, hagu riƙe da ƙugu, baki a buɗe. Da bakin nan ta wanke ɗan sanda, ta wanke mai haraji, ta wanke faston da ke son kan kifi kyauta. Ba wanda ya taɓa tambayata irin takalmin da take sawa.

Sai jaridar ta mutu. Daga sati-sati ta koma wata-wata, daga nan sai in an ga dama, rannan muka zo muka tarar da kwaɗo a ƙofa. Abokan aikina wasu suka hau bensikin, wato acaɓa, suna ɗaukar fasinja, wasu suka koma ƙauye. Ni aji huɗu na yi a firamare, a allon masu aski na koyi zane, ba ni da takardar da zan kai wani ofis. Amma na ce Mami Pepe ba za ta bi jarida kabari ba.

Na mayar da ita waya. Abin da na fara lura da shi, jarida a kwance take, waya kuwa a tsaye. Mutum yana turawa da babban yatsa, zane yana gangarowa kamar guga a rijiya. Akwai abin da na so a ciki: kafin gidan ƙarshe sai in bar fili fari fat, mai karatu ya yi ta turawa yana jira, sannan zagin ya faɗo masa a fuska. Jarida ba ta taɓa ba ni wannan ba, don a can ido yana satar kallon ƙarshe tun kafin ya karanta farko. Abin da ban so ba shi ne tsayin. Wuri ya yi yawa a ƙasan Mami. Na ƙara wa teburin tsawo. Na sa daron kifi a gaba, na sa kyanwa, na sa buhun gawayi. Masu karatun waya kuwa ba su da kunya. Da can wanda zai zage ka sai ya sayi ambulan ya je gidan waya. Yanzu yana kwance a gado zai rubuta maka a ƙasan zane: "Pa Lobe, Mami daga jikin teburin ta tsiro ne?" Wani ya ce ai jelar kifi gare ta, shi ya sa nake ɓoyewa. Na amsa masa na ce ya je ya leƙa da kansa in yana da ƙarfin hali.

Ana haka Madam Yimga ta neme ni. Tana da ɗakin yin katun a unguwar Akwa, a saman wani kantin magani, ita da mutanenta da kwamfutoci. Mace ce mai magana a taƙaice. Ta ce a takardar da ake naɗe mata fanke ta fara karanta Mami Pepe tana yarinya, kuma tana so ta sa ta motsi, gajeru-gajeru, a waya da talabijin. Ni katun bai taɓa burge ni ba. Ido kamar faranti, kowa yana tsalle, a buge mutum da guduma ya miƙe garau. Amma ni ba wawa ba ne, na san yaran yanzu abin da ke motsi suke tsayawa kallo. Na ce na yarda da sharaɗi ɗaya: ba abin da zai fita sai na gani.

Ranar da suka kira ni kallo, na zauna gaban kwamfuta na harɗe hannu. Sai ga Mami. Hayaƙi yana tashi da gaske, mafici yana kaɗawa, ta buɗe baki murya ta fito, murya mai kaushi kamar ta wadda ta sha hayaƙi shekaru. Na warware hannuna na matso kusa. Mai haraji ya zo ya miƙa hannu zai ɗauki kifi, ta daka masa tsawa, ya ruga. Sai ta zagayo teburin ta bi shi.

Na doki tebur har kofin shayin wani ya yi tsalle.

"Wace ce wannan?"

"Mami Pepe ce, Pa Lobe," in ji Madam Yimga.

"Ƙarya ne. Daga ƙugu zuwa ƙasa 'yar wani kuka sato."

Ƙafa ce siririya sumul, ƙugu yana juyawa hagu da dama, tana taku ɗaiɗai kamar amaryar da ake shiga da ita coci. Kan Mami ne, bakin Mami ne, an ɗora a kan 'yar shekara sha takwas.

Madam Yimga ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Rabin mace ka ba mu. Muna da tafiya shiryayya a kwamfuta, ita muke sa wa mata duka. Da ita muka cike sauran."

"To ku mayar da ita bayan teburinta."

"A takarda mutum yana iya tsayawa wuri ɗaya shekara ashirin. A katun in ya tsaya minti ɗaya, yatsa ya wuce shi. Kai ma ka sani."

Na sani. Shi ya fi ba ni haushi.

Ta ɗauko farar takarda marar kauri, dami guda, ta ajiye a gabana. Ta nuna mini yadda suke yi da hannu: ka zana taku a takarda ɗaya, ka ɗora wata a kai inda haske zai ratsa, ka zana ƙafar ta ɗan matsa, ka ɗora wata. In ka gama ka kama gefen ka sake su da sauri, mutum ya yi tafiya. Ta ce, "Gidan talabijin ƙarshen wata suke so. Kawo mini tafiyarta. In ba ka kawo ba, ko ta fita da wannan ƙugun, ko kada ta fita sam. Zaɓi naka ne."

Na ɗauki takardun na ce za ta gani.

A gilashin tagar ɗakina na riƙa mannawa ina zane, rana tana ratsowa. Na farko da na kaɗa takardun, Mami ta yi tafiyar almakashi. Na biyu ta yi ta agwagwa. Na uku ta yi faretin soja. Na yaga, na sake, na yaga. Sai na zauna na faɗa wa kaina gaskiya: ba hannuna ne matsalar ba. Ban san yadda matar nan take tafiya ba.

Duk unguwar Deido ta san daga fuskar wa na ɗauko Mami Pepe. Ma Ebenye ce, mai gasa kifi a bakin titi kusa da mahaɗar hanya. Tun ina zanen allon aski nake cin kifi a bencinta. Kullum sai wuta ta kama nake zuwa, kafin wutar ta mutu na tafi. Ita kuma ta jera komai inda hannunta zai kai, barkono a dama, miyondo, ƙullin rogon da ake ci da kifi, a hagu, ruwa a ƙasa, ga doguwar rigar da suke kira kaba har ƙasa. Ban taɓa ganin ta bar bayan ragar gashin ba.

Tana hango ni ta ce, "Ga ɓarawon fuska ya iso. Yau me za ka sata, haƙorana?"

"Nawa suka rage? Ƙafa na zo nema, Ma."

Etame, mai bensikin ɗin da ke kawo ta kullum, yana benci yana suɗe ƙashi. Ya ce, "Kai, Pa Lobe! Sai da furfura ta cika kai za ka fara bin ƙafar mata?"

"Ci kifinka, ba da kai nake ba."

Na buɗe waya na nuna mata abin da 'yan Akwa suka yi, don ta taya ni zaginsu. Ta goge hannu a riga ta karɓa, ta nisanta wayar da ido. Mami ta zagayo tebur tana juya ƙugu. Ma Ebenye ta ƙura wa wayar ido. Ta ce in mayar. Na mayar. Ta ce in sake. Kifi ya fara ƙauri ba ta juya shi ba.

Ta miƙo mini wayar ta ce, "Bar ta haka."

"Wannan ba ke ba ce."

"Ni ce mana. Ni ce kafin wuta ta cinye ni. Je ka tambayi tsofaffin Deido waɗanda suka gan ni a filin rawa. Wasu har yau matansu ba sa gaishe ni."

"Mami Pepe ba ta taɓa zuwa filin rawa ba."

"Ji shi! Ka yi mini baki kamar kwalekwale, na yi shiru. Ka yi mini hanci kamar doya, na yi shiru. Yau 'ya'yan mutane masu tarbiyya sun ba ni ƙugu, shi ne za ka zo ka ƙwace? Wane irin baƙin ciki ne wannan, Lobe?"

"Taku kaɗan kawai nake so. Daga nan zuwa falwayar can."

"Ko rumfar nan ta kama da wuta ba zan taka a gabanka ba."

Etame yana dariya har yana ƙwarewa. Na ci kifina na tashi.

Washegari da sassafe na je na zauna a rumfar mai burodi da ke tsallaken titi, na sayi kofi na sa takarda a cinya. Can sai ga Etame da ita a baya, daro a kanta. Ya tsaya daf da kwalbati. Ta daɗe kafin ta sauko. Ta tattare kabar don kada ta taɓa laka, a nan na ga ƙafafun. Sun kumbura sun cika silifa har sun zubo gefe. Ƙwaurin baƙi ƙirin, wutar gawayi ta dafa shi. Ta ɗaga ɗaya ta ajiye, jikin duka ya karkata ya bi ta, sannan ta kawo ɗayar. Hannun hagu yana ƙugu. Shekara da shekaru ina zana hannun nan a matsayin tsiwa, ashe tokare bayanta take yi.

Ban kai ga zana komai ba ta ɗago ta gan ni.

Ta tsaya cak a tsakiyar hanya. Ta ce, "Ka gani? Ka ƙoshi?"

"Ban ƙoshi ba. Gobe ma zan zo."

"In ka sa wannan a waya, kada gindinka ya sake taɓa bencina."

Daga ranar ta sa Etame ya riƙa shigar da ita ta lungun baya har cikin rumfa.

Ba zan ce maganar ba ta taɓa ni ba. Na juya ta a raina ina tafiya gida. Mace ta nemi abu ɗaya a duniya, ƙugun ƙarya a cikin waya, me zai rage ni in na bar mata? Amma duk ta inda na juya, wuri ɗaya nake dawowa. Me ya sa in Mami Pepe ta zagi mai haraji mutane suke tafi? Don sun san ta tsaya gaban wuta tun safe, shi kuwa yanzu ya fito daga inuwa. Ƙafar nan ce ta saya mata bakin. In ta fito tana yauƙi, ta zama 'yar rashin kunya mai zagin manya, shi ke nan an kashe ta, gara ma da ta bi jaridar.

Tunda Ma Ebenye ta rufe ƙofa, na tafi kasuwar Sandaga. Mata irinta ba su ƙirguwa a can. Na zauna kan buhun albasa ina kallon ƙafafu har wata ta tambaye ni ko takalmi nake sayarwa ko kuwa maye ne ni. Na zana, na koma taga, na jera, na kai wa Madam Yimga.

Ta kaɗa takardun sau biyu ta turo mini su. "Wannan ba tafiya ba ce, Pa Lobe. A kan iska take shawagi. Ina nauyinta?"

"Ga ta nan ƙatuwa, ba ki gani?"

"Ƙiba daban, nauyi daban. In ƙafa ta sauka, jiki sai ya ɗan nutse kafin ya taso. Kanta fa a layi ɗaya yake tun daga farko har ƙarshe. Ka zana ƙafa, ka manta da sauran matar."

Na kwashe takarduna.

A tsakar gidanmu na cika daro da ruwa na ɗora a ka, na ɗaura bulo a kowace ƙafa da tsumma, na yi ta kai da kawowa. Matan gidan haya suka fito suka jeru. Wata ta ce a kira fasto, zane ya taɓa Pa Lobe. Na ce mata ta matsa daga hanya ko in yi mata wanka. A nan na ji abin da Madam take faɗi, a gadon bayana na ji shi: yadda kai yake sauka in ƙafa ta dira, yadda kafaɗa take jinkiri kafin ta biyo. Ruwa ya jiƙe ni sharkaf. Na shiga ɗaki da rigar a jiƙe na hau taga.

Da na koma Akwa, wata ya kusa ƙarewa. Suka ɗauki zanena suka shigar kwamfuta, suka ɗora kan Mami. Mai haraji ya ruga kamar ɓera. Mami ta zagayo tebur. Ba ta gudu. Tana tafe a hankali, gefe ya nutse, gefe ya taso, kamar jirgin ruwa mai shigowa kogin Wuri da kaya, mafici a ɗage. Shi yana ta gudu yana waiwaye, ita ko a jikinta, ta san duk inda ya je za ta iso. Madam Yimga, wadda ban taɓa jin dariyarta ba, ta kifa kai a tebur.

Ta share ido ta ce, "Shi ke nan, mu tura."

Na ce, "Dakata. Sa mini a waya. Akwai wadda za ta fara gani."

Da yamma na isa mahaɗa, benci cike da masu cin kifi. Ban zauna ba. Na jingina wayar da kwanon barkono na danna. Etame ya leƙo, wasu suka taso. Da Mami ta zagayo teburin wurin ya kaure. Wata mai sayar da agada ta riƙe ciki tana cewa, "Uwata ce, na rantse uwata ce!" Etame yana bubbuga benci.

Ma Ebenye ba ta yi dariya ba. Ta kalla har ƙarshe, tana fifita wutar ba tare da ta duba ta ba.

Ta ce, "Ka gama?"

"Na gama."

"Da haka za ta fita?"

"Da haka."

"Duk abin da na faɗa maka a banza ke nan."

"Na ji ki, Ma. Ban yarda ba ne kawai."

Ta juya kifi ɗaya, ta juya na biyu, ta shafa musu mai. Sannan ta nuna wayar da maficin.

"Ƙafar wa ka je ka roƙo? Wannan ciwon gwiwa gare ta. Ni gwiwata lafiya lau, ƙugu ne ke damuna. Kuma dubi yadda take jan silifa a ƙasa kamar mashayi. Ni? Ka taɓa jin ƙarar silifata? Ko ranar da na binne mijina ɗaga ƙafata na yi."

"Ina zan sani, kin hana ni gani."

"Gobe duk Duwala za ta ce Ebenye ce ke jan ƙafa."

"Haka za su ce."

Ta harare ni har na zaci maficin zai sauka a kaina. Sai ta miƙa wa Etame shi. "Riƙe. In kifin nan ya ƙone, babur ɗinka zan gasa." Ta dafa tebur, ta tattare kabar zuwa ƙwauri a gaban kowa, ta zagayo.

"In dai za ka kunyata ni, kunyata ni daidai. Buɗe idonka, sau ɗaya zan yi."

Na zaro fensir daga bayan kunne, na fizgi takardar naɗe kifi. Ta nufi falwayar. Gaskiyarta ne, ba ta ja. Kowace ƙafa sai ta ɗaga ta sarai, ta dire ta kamar mai buga hatimi, ƙugun ya ɗan tsaya ya yi shawara, sannan ya biyo. Haɓa a sama. Ba wanda ya yi dariya. Wani mai mota ya danna mata ham, ko kallonsa ba ta yi ba, shi ya kauce.

Ta kai ta juyo tana haki. "Kuma jan takalmi za ka sa mini. Mai tsini."

"Silifa."

"Ja!"

"Silifa ja. Na ƙara miki fure a sama, kada ki sake magana."

Wayata ta yi ƙara a jikin kwanon barkono. Madam Yimga ce. Na ɗauka na maƙale a kafaɗa, hannuna bai bar takardar ba.

"Pa Lobe, in tura?"

"Kar ki tura. Tafiyar ba daidai take ba, sabuwa zan kawo."

"Sabuwa? Ka san abin da ya rage a watan nan kuwa?"

"Na sani. Ki tanadar mini takarda, da safe ina nan."

Tana cikin magana na kashe. Ma Ebenye ta iso ta dafa gefen teburin, gumi yana bin wuyanta, ta miƙa hannu Etame ya ba ta maficinta.

Na ce, "Sake, Ma. Ta hagun ban kama ba."

Ta zagi ƙauyenmu, ta zagi wanda ya fara sayar mini da fensir, ta haɗa da malamin da ya bar ni na fita daga aji huɗu. Sannan ta tattare kabar ta juya wajen falwayar.